Fanka biyar a soket ɗaya: yadda na yi da zafin kwamfutar aikina

Duk wanda ya taɓa haɗa kwamfuta da kuɗin da bai taka kara ya karya ba ya san inda masu ƙera madabod, wato babban allon da ake jona duk sassan kwamfuta a kansa, suke yin tsimi. Ba sa taɓa abin da mai saye zai tambaya a kanti, wato wane furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfutar) take ɗauka, ram (ma'ajin aiki na wucin gadi) nawa take ci. A ƙananan abubuwa suke zaftarewa, kuma soket ɗin fanka yana cikin na farko da ake ragewa. Tawa madabod ɗin ƙarama ce, samfurin B450, soket biyu kacal gare ta. Ɗaya an rubuta masa CPU_FAN, wanda fankar kan furosesa ta riga ta mamaye. Ɗayan kuma SYS_FAN, yana can ƙasa kusa da gefe. A allunan ASUS da ASRock za ka ga CHA_FAN aka rubuta, amma duk abu ɗaya ne. Iyakar abin da nake da shi ke nan, ga kuma kesin, wato akwatin kwamfutar, mai gurbin fanka shida.

Sana'ata tace bidiyo ce, galibi na biki da saukar karatu da tallar 'yan kasuwa, a wani ɗan shago da ke lungun bayan titin Gidan Zoo. Rufin kwano ne, taga ɗaya, sai fankar sama. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Kano ke kai digiri 40 har ya ɗara, shagon ba ya zaunuwa da rana, balle a ce kwamfuta tana fitar da aikin awa biyu. Furosesan da ke ciki Ryzen 5 3600 ne, iyakarsa digiri 95. Idan ya doshi wurin, da kansa yake rage gudu don kada ya lalace, sai ka ga aikin da ka sa ran karɓa kafin la'asar ya kai ka magariba, dangin amarya kuwa suna ta kira. Katin girafik, mai sarrafa hoton da ke fita a fuskar kwamfuta, shi ma cikin kesin yake zubar da nasa zafin, kuma fanka ɗaya ce tal a baya take ƙoƙarin fitar da duka.

Kafin in kashe ko kwabo sai da na tabbatar inda matsalar take. Na cire murfin gefe, na saita fankar tsaye tana hura cikin kesin, na sake sa aikin. Zafin ya sauko nan take, ya kuma tsaya a ƙasa. Wannan ya nuna fankar furosesa lafiyarta ƙalau, iskar da take samu ce ta riga ta dahu. Akwai masu barin kwamfutarsu haka a buɗe shekara da shekaru, na sha gani a shagunan buga takardu. Ni dai ban yarda da shi ba, don wanda ya taɓa buɗe kwamfuta bayan hunturu ya san abin da ƙurar garin nan take yi.

Tambayar da kowa ke yi ita ce fanka nawa soket ɗaya zai ɗauka. Amsar tana wuri biyu, littafin madabod da bayan fankar kanta. Yawancin soket ɗin fanka amfiya 1 (amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da ake ja) aka ƙayyade masa a kan bolt 12, wato wat 12 ke nan. Alluna masu tsada sukan zo da wani soket na musamman don famfon ruwan sanyaya, mai ɗaukar amfiya 2 ko 3, amma irin tawa ba ta san da wannan ba. Littafin nawa ya daɗe da ɓata, a intanet na sauko da shi ta waya, na kuma tarar da amfiya 1 ɗin a shafin da aka zana haƙoran soket. Idan naka littafin bai faɗi komai ba, ka ɗauka 1 ɗin ce, kada ka yi wa kanka kyakkyawan zato.

Na kwance tsohuwar fankar baya na juya ta. A tsakiya, inda ƙafafu huɗun roba suka haɗu suka riƙe motar, akwai wata zagayayyiyar takarda da ƙura ta mayar ruwan ƙasa. Na goge ta da babban yatsa, rubutu ya fito: DC 12V, a gefensa 0.25A. Wannan lamba ta biyu, wato amfiyar da fankar ke ja, ita ce abin nema. Fankoki masu faɗin milimita 120 sun bambanta ƙwarai a nan, ko da a ido kamarsu ɗaya. Arctic P12 wajen 0.1 take ja, Noctua NF-A12x25 kuma 0.14, alhali wasu masu araha, musamman masu fitila a jiki, suna kai 0.3 har su wuce. Ka ga ke nan soket ɗin da zai riƙe shida na wancan iri, uku na wannan sun isa su kai shi bango. Daidai yake da ekstanshin ɗin ɗaki: caja biyar ba za su dame shi ba, amma dutsen guga da hita kaɗai sun isa su narkar da shi.

Akwai kuma wani abu da takardar ba ta cika faɗa ba. Mota tana jan wuta fiye da kima a daidai lokacin da za ta tashi daga tsaye, kafin fukafukan su ɗauki juyi. Yawancin alluna kuma da ka kunna su sukan saki fankoki da cikakken ƙarfi na ɗan daƙiƙu kafin su daidaita. A ƙasar da ake kunna kwamfuta da safe a kashe da dare, wannan sau ɗaya yake faruwa a yini. Mu nan a ɗauke wuta, a tada janareto, a dawo da ita, a sake ɗaukewa, kowane juyi kuwa duk fankokin tare suke tashi a kan ɗan siririn layin tagulla guda. Shi ya sa na yanke wa kaina cewa ba zan wuce kashi uku cikin huɗu na abin da littafi ya ce ba. Idan soket ya ƙone, ɗan ƙaramin abin da ke sarrafa wutarsa ne yake tafiya, ko dai ya mutu gaba ɗaya ko ya maƙale a cikakken gudu, kuma mai soket ɗaya ba shi da na biyun da zai koma.

Da wannan lissafi a kaina muka hau adaidaita sahu ni da yaron shagona zuwa titin Beirut. Na farko da muka tsaya wurinsa saurayi ne mai fara'a, kafin in rufe baki ya zaro kwali ya jona fanka a wani tsohon fawa-fak, akwatin da ke ba kwamfuta wuta, da ke kan tebur, ta kama walƙiya ja da shuɗi da kore.

“Oga, wannan ba ruwanka da bod. Kai tsaye a fawa-fak za ka sa ta, kuma kowacce tana da inda za ka ɗora wata a bayanta. Ko goma kake so.”

Gaskiya ya faɗa. Masu babban farin filogi ne irin na Molex, kuma ba sa taɓa madabod ko kaɗan, don haka babu zancen ƙona soket. Matsalarsu ita ce gudu ɗaya suka sani. Ko kana fitar da aiki ko kana karanta saƙo, ko bazara ko tsakiyar sanyin Janairu, haka za su yi ta kuka. Na ce masa, “Ɗan'uwa, ina ɗaukar muryar talla a shagon nan. Idan biyar irin wannan suka taso, mai kaya zai ɗauka a bakin injin markaɗe muka yi aikin.” Ya yi dariya ya mayar da ita kwali. Ga mai shagon wasan ƙwallo na kwamfuta, inda hayaniyar yara ta fi ƙarfin kowace fanka, ban ga laifinsu ba, kuma su ne mafi sauƙin kuɗi.

Sai can ciki muka samu masu filogi mai haƙori huɗu, baƙaƙe marasa ado, takardar bayansu ta ce 0.16A. Na sa aka ciro kowacce na duba da idona, don kwali yana iya faɗin wani abu, jikin fankar ya faɗi wani. A nan na tsaya na yi lissafin a waya. Uku na gaba sun ba da 0.48. Idan aka ƙara tsohuwar ta baya mai 0.25, an kai 0.73, wato dab da iyakar 0.75 da na sa wa kaina. Biyu na sama kuwa za su kai jimillar 1.05, an haura abin da littafi ya yarda tun ma ba a yi zancen tashi ba. Don haka waya mai reshe za ta iya da uku ko huɗu, amma shida sai an nemi wata hanya. Na sayi duka biyun, waya mai reshe uku da ɗan akwatin rarraba wuta da 'yan kasuwar ke kira hob, saboda kuɗin wayar bai kai na farantin shinkafa ba, kuma ina so in fara ganin abin da uku na gaba za su yi.

Muna dawowa yaron ya ɗauki wayar yana juya ta, sai ya ce, “Oga, an ba mu mai giɓi fa. Duba, wannan bakin haƙori huɗu ne, waɗannan biyun uku-uku.” Har ya fara neman takalminsa zai mayar. Na ce ya zauna, haka aka yi ta, wadda ma ba ta da giɓin ita ce abin gudu.

Wayoyi huɗun nan kowacce da aikinta. Ta farko ita ce ta ƙasa, wadda wuta ke komawa ta cikinta. Ta biyu ita ke kawo bolt 12. Ta uku daga fanka take zuwa madabod, tana kai rahoton gudu: duk juyi ɗaya fankar tana aika bugu biyu, allon ya ƙirga ya nuna maka juyi nawa take yi a minti. Ta huɗu kuma daga madabod take zuwa fanka da umarnin yawan gudun da ake so, ita ce ake kira PWM, kuma bisa tsarin da Intel ya fitar tana kunnawa da kashewa wajen sau 25,000 a daƙiƙa. Umarni ana iya raba wa fankoki da yawa, kowacce ta ji ta bi, kuma wutar da ke kan wannan waya ba ta kai a yi maganarta ba. Rahoto ne ba ya haɗuwa. Idan fanka uku suka aika bugunsu a waya ɗaya, allon zai ƙirga shirme, lambar ta dinga tsalle daga ɗari biyar zuwa dubu uku. Shi ya sa aka cire haƙori na uku a sauran rassan, aka bar ɗaya ta yi magana da yawun duka. Da na gama bayani yaron ya ce to ai da sai su rubuta a jikin ledar. Ban ƙi tasa ba.

Kafin in sa hannu a ciki na kashe makunnin bayan fawa-fak, na zare wayar bango, na danna maɓallin kunnawa na riƙe don ragowar wutar ta fita, sannan na taɓa ƙarfen kesin. Wannan na ƙarshe ya fi muhimmanci da hunturu, lokacin da iska ta bushe har bargo yake tartsatsi idan ka yaye shi da dare. Ɗaura fankokin bai da wani labari, sukurori huɗu-huɗu ne masu kauri da ke yanka wa kansu hanya a cikin roba, sai dai hannu ya yi ciwo. Abin lura shi ne fuska. Iska tana shiga ta ɓangaren da fukafukai suke a fili, ta fita ta ɓangaren ƙafafun roba da takarda. Wasu suna da 'yar kibiya a gefe, nawa ba su da ita. Na gaba dole takardarsu ta kalli cikin kesin, ta baya kuma takardarta ta kalli waje. Filogin kansa ba ya shiga a juye, akwai wani ɗan harshen roba a soket ɗin da ke shiga tsakanin layi biyu na jikin filogi, shi ne ma dalilin da ya sa mai haƙori uku yake zama daidai a soket mai huɗu, ya bar na ƙarshe a waje.

Da na kunna, ukun suka tashi, amma da ƙarfinsu duka, kuma suka ƙi sauka. Na sake kunnawa ina danna Delete har BIOS, wato wurin saite-saiten madabod, ya buɗe. Kowane kamfani da sunan da ya ba wannan shafi, ASUS suna cewa Q-Fan, Gigabyte Smart Fan, MSI kuma Hardware Monitor, amma abin da ke ciki kusan ɗaya ne. A gaban SYS_FAN akwai zaɓi tsakanin DC da PWM, wasu allunan har da na uku mai zaɓa da kansa. Nawa yana kan wani tsari da ya dace da tsohuwar fankar da ta zauna a wurin. Na mayar da shi PWM, na ja layin gudun, wato zanen da ke ƙayyade gudun fanka a kowane matakin zafi, ƙasa, nan da nan ƙarar ta faɗi har ina jin masu wucewa a lungu.

Bambancin hanyoyin biyu shi ne ya yanke hukuncin duk abin da ya biyo baya, don haka bari in ɗan tsaya a kansa. A tsarin DC, allon rage ƙarfin wutar yake yi, daga 12 ya sauko 9 ko 7, fankar ta rage gudu don ba ta ƙoshi ba. Da haka ake sarrafa mai haƙori uku, tunda ba ta da wayar karɓar umarni. Illarsa ita ce idan aka sauko da yawa motar takan tsaya cak, ko ta kasa tashi. A tsarin PWM kuwa bolt 12 ɗin yana nan daram koyaushe, waya ta huɗu ce ke gaya wa motar yadda za ta yi da shi, shi ya sa take iya yin ƙasa sosai ba tare da ta mutu ba. To idan ka haɗa iri biyun a reshe ɗaya ka zaɓi PWM, masu huɗu za su bi umarni, mai uku kuwa tana ganin cikakken 12 za ta zura da gudu ba ji ba gani. Idan ka zaɓi DC duka za su sauka tare, don mai haƙori huɗu ma tana bin raguwar wuta, sai dai ka yi asarar abin da ka biya kuɗi dominsa.

Uku na gaba kaɗai sun kawo sauƙi mai yawa, fiye da yadda na zata. Amma tsohuwar ta baya yanzu ba ta da wurin zama, tunda reshen ya cika, kuma iskar da ke shiga tana bukatar mai ja mata hanya ta fita ta bayan furosesa. A nan hob ɗin ya shigo.

Ɗan akwati ne da bai kai tafin hannu ba, da bakuna a jere a gefensa, da maganaɗisu a bayansa don ya manne a ƙarfen kesin. Wayoyi biyu ke shiga cikinsa. Ɗaya siririya ce mai zuwa SYS_FAN, kuma idan ka duba filoginta da kyau za ka ga waya biyu ko uku ne kawai a ciki, babu ta bolt 12. Ɗayar kuma faffaɗan filogin SATA ne, irin wanda ake sa wa faifan ajiyar bayanai (hard disk), daga fawa-fak kai tsaye. Ma'anar wannan ita ce abincin fankokin ya daina bi ta madabod. Allon umarni kawai yake bayarwa ya karɓi rahoto, nauyin kuma ya koma kan filogin SATA, wanda layinsa na bolt 12 aka yi shi don ya ɗauki har amfiya 4.5. Lissafin 1.05 da ya tsayar da ni a kasuwa ya zama ba komai ba. A kula, akwai wasu ƙananan akwatuna masu kama da wannan da ba su da filogin SATA ko Molex. Waɗannan waya mai reshe ce aka sa wa riga, duk wutarsu daga soket ɗin take fitowa, kuma ganin baki biyar ko goma a jikinsu yana sa mutum ya cika su. Su ne na fi tsoro a duk kayan da na gani ranar.

A jikin nawa baki ɗaya ja ne, sauran farare. Jan shi ne mai kai rahoto, kuma dole a sa fanka a cikinsa, in ba haka ba BIOS zai nuna sifili kamar babu komai a jone. Na sa ta tsakiyar gaba a wurin. Filogin SATA kuma na ɗauko wanda ya fito daga fawa-fak ɗin kansa. Wayoyin canji na Molex zuwa SATA masu narkakkiyar roba a kai, waɗanda ake zubawa a faranti ana sayarwa, sun yi ƙaurin suna wajen kamawa da wuta, ba na sa su a kwamfutar da nake barin ta tana aiki in tafi masallaci.

Tsohuwar mai haƙori uku na gwada ta a hob ɗin don yaron ya gani da idonsa. Kamar yadda aka zata, sauran suna tafiya a hankali, ita kaɗai tana ta ƙugi, don hob cikakken 12 yake ba kowa, kuma ko ka koma DC a BIOS ba abin da zai canza tunda wutar ba daga allon take zuwa ba. Na cire ta na sa sabuwa a gurbinta. Yaron ya roƙe ta, ya ce zai jona ta a batir ta dinga hura wa inbatar gidansu. Fankar kan furosesa kuwa ban taɓa ta ba, tana CPU_FAN ɗinta ita kaɗai. Alluna da yawa suna sa ido a kan wannan soket musamman, wasu ma ba za su wuce allon farko ba idan ba su ji juyi a wurin ba, kuma ita ce fankar da nake so in san halin da take ciki kullum.

Saura na sama. Na sa biyu kamar yadda na tsara, duka suna fitarwa, sai na lura zafin furosesa bai ragu ba, kamar ma ya ɗan ƙaru. Na yago siririyar takarda na riƙe a cikin kesin ta ɗan buɗin murfi, kusa da ta saman da ke gaba. Takardar ta miƙe sama. Wato iskar da fankar gaba ta sama take shigowa da ita, tun ba ta kai ga furosesa ba wannan take zuƙe ta ta mayar waje. Na cire ta, na bar ta saman da ke baya kaɗai. Haka aka tsaya a biyar, uku suna shigarwa, biyu suna fitarwa, gurbi na shida na rufe shi da ragarsa.

Wannan rabo na uku da biyu yana da wani amfanin da ya shafe mu fiye da mutanen Turai da ke rubuta yawancin shawarwarin da ake karantawa. Idan iskar da ke shiga ta fi wadda ake fitarwa, ragowar tana tura kanta waje ta kowace kafa da ramin sukuru. Idan fitarwa ta fi yawa, ta waɗannan kafofin kesin zai dinga zuƙo iska, ba tare da ta bi ta raga ba. Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da hazo ke rufe gari ka share tebur da safe ka rubuta sunanka a kansa da azahar, wannan bambanci shi ne tsakanin wanke raga ɗaya da kwance kwamfuta gaba ɗaya. Ragar gaba tana cin wani abu daga ƙarfin iskar, musamman idan ta fara toshewa, don haka uku a bayan raga ba su fi biyu a fili da wani abu mai yawa ba. Da hunturu duk Juma'a nake zare ta in kakkaɓe. Na kuma ɗaga kesin daga ƙasa na ɗora a kan benci. Idan za a hura ciki da bulowa, a riƙe fukafukan da yatsa, don motar da aka juya da ƙarfi tana komawa mai samar da wuta, kuma gudun da ya wuce kima yana cinye mata ƙarfen tsakiya.

Layin gudu shi ne aikin da ya fi cin lokaci, kuma a nan ma sai da na yi watsi da abin da allon ya zo da shi. An zana shi ne da tunanin ɗaki mai digiri 22 ko 25, inda furosesa ke hutawa a wajen 35. A shagona da rana, ba ya komai ma yana kusa da 50, don haka allon yana ganin kamar aiki ake yi tuƙuru, ya dinga tayar da fankoki a banza. Na sa su tsaya a kashi 40 cikin 100 har zuwa digiri 55, daga nan su hau a hankali, su kai ƙarshe a 80. Ryzen kuma yana da ɗabi'ar tsalle, ka buɗe shafi ɗaya ya haura digiri goma ya dawo cikin daƙiƙa biyu, fankoki biyar su yi wuu su sauka, su sake. Akwai wurin da ake sa jinkiri kafin su amsa, na ƙara shi zuwa 'yan daƙiƙu, wannan hawa da saukar ya daina. Yanzu idan ana fitar da dogon aiki da tsakar rana zafin yana yawo tsakanin 78 da 83, bai ƙara rage gudu ba, idan kuma za a ɗauki murya sai mu jira aikin ya ƙare su lafa.

Wanda ya sayi masu fitila, waya ta biyu da ke jikinsu ba ta fanka ba ce, ta fitilun ce, kuma iri biyu ce: mai haƙori huɗu a jere ta bolt 12, da mai uku da giɓi a tsakani ta bolt 5. Idan ta 5 ta hau soket ɗin 12, fitilun sun tafi ke nan. Ni ban saya ba, don ba mai kallon cikin kwamfutata.

Abu ɗaya da wannan haɗi ya rage mini shi ne sani. Fanka biyar ne, amma BIOS ta jan baki kaɗai yake gani. Idan ta baya ta tsaya, ko waya ta saki ta shiga tsakanin fukafukan ta sama, lambar da ke kan allo ba za ta motsa ba, kuma ba wani gargaɗi da zai fito. Saboda haka na ɗaure duk wayoyin a bayan farantin madabod da madaurin roba, na kuma ƙara wa yaron aiki a ranar kakkaɓe raga: ya haska tocilan waya ta gaba ya ƙirga uku suna juyawa, sannan ya sa bayan hannu a baya da sama ya ji ɗumin iska yana fita.